Marcel Guerbet da man da ke nuna cikin jiki

1. Aikin mai haɗa magani

Idan likita ya duba maras lafiya, yakan rubuta masa takarda ya kai farmasi. Can ake ba shi magani. Yara da yawa suna tsammani aikin mai farmasi bai wuce ciniki ba, kamar mai kanti. Ba haka ba ne. Mai haɗa magani yakan yi shekaru da yawa a jami'a yana koyon sanin itatuwa, da gishiri iri-iri, da yadda jikin mutum ke aiki.

Samun magani rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a kai shi inda ciwo yake. Magani kamar saƙo ne. Kome kyawon saƙo, in manzo ya ɓata hanya, ko ya zubar da shi kafin ya isa, aikin banza aka yi. Don haka mai haɗa magani yana da tambayoyi uku kullum. Nawa za a ba maras lafiya? Ta wace hanya maganin zai shiga? Kwana nawa zai yi cikin jiki?

Amsar waɗannan tambayoyi ce ta sa magani ke da kama iri-iri. Akwai ƙwaya, akwai siro, akwai allura, akwai na shafawa, akwai na ɗigawa a ido, akwai ƙarin ruwa.

Masu garka a ƙasar Matamaye da Kance sun san wannan dabara. In aka kwarara wa dashe guga guda a lokaci ɗaya, ruwan yakan gudu ya bar shi, kafin la'asar ƙasa ta bushe. In kuwa aka binne tulu cike da ruwa a gindinsa, sai ruwan ya riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan, dashen ya sha har kwanaki. Wani mai haɗa magani na ƙasar Faransa ya yi wa jikin mutum irin wannan tulu. Sunansa Marcel Guerbet, ana faɗinsa Marsel Gerbe. Abin da ya yi aiki da shi kuwa mai ne, ɗan'uwan man gyaɗa da man riɗi.

2. Iyod

Kafin a gane aikin Guerbet, sai an san iyod.

A shekarar 1811 akwai wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois. Ya koyi haɗa magani tun yana saurayi, amma sana'arsa yin gishirin albarushi ce. Yana ƙona ciyawar teku, ya tace tokarta, kamar yadda mata ke tace toka don yin sabulu. Wata rana ya zuba wa ruwan tokar wani ruwa mai ci, sai ya ga hayaƙi mai launin shuni da ja-ja ya tashi. Da hayaƙin ya huce, ya daskare ya zama ƴan ɓarɓashi baƙaƙe masu ƙyalli. Ba wanda ya taɓa ganin wannan abu. Masana suka sa masa suna iyod, daga wata kalmar Girkanci mai nufin wannan launi.

Ba a daɗe ba aka gane iyod magani ne. A 1820 wani likita na birnin Janeba, a ƙasar Suwis, mai suna Jean-François Coindet, ya ba masu maƙoƙo iyod. Maƙoƙon da yawa daga cikinsu ya ragu. Amma wasu sun sha fiye da kima. Zuciyarsu ta riƙa bugawa da sauri, hannuwansu suna rawa, suka rame.

Iyod yana da wuyar sha'ani. In shi kaɗai ne, yana ƙona fata da baki da ciki. In an mai da shi gishiri an narkar da shi a ruwa, yana shiga jini da sauri, amma mafi yawansa yana fita cikin fitsari a kwana ɗaya ko biyu. Watau ko dai ya yi yawa a lokaci guda, ko ya gudu kafin ya gama aiki. Wannan ita ce matsalar da masu haɗa magani suka yi shekaru suna neman hanyarta.

3. Man Guerbet

An haifi Marcel Guerbet a 1861, ya rasu a 1938. Ya yi aiki a asibitocin birnin Pari, ya kuma koyar a babbar makarantar haɗa magani ta wannan birni. Mutum ne mai son bincike. A 1899 ya gano wata hanya ta haɗa sinadarai wadda har yau ake kira da sunansa.

A 1901 shi da wani abokin sana'arsa, Laurent Lafay, suka haɗa iyod da mai. Man da suka zaɓa na ƴaƴan wani fure ne da Faransawa ke kira pabo. Ƴaƴansa sun fi riɗi ƙanƙanta, ana matse su a sami mai mai tsabta.

Ga yadda abin yake. Kowane ɗigon mai cike yake da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Siffarsu kamar doguwar igiya ce. A jikin wannan igiya akwai wasu gurabe da ba kowa, kamar maratayi a bangon ɗaki. Man itatuwa, irin su pabo da gyaɗa da riɗi, yana da gurabe da yawa. Man shanu yana da kaɗan. Guerbet da Lafay sun san hanyar da za a sa iyod ya shiga waɗannan gurabe ya zauna daram. Da ya zauna, sai ya daina ƙuna, ya daina gudu. Wannan aiki ne na ɗakin bincike. Zuba iyod cikin kwalbar mai a gida ba ya ba da wannan magani.

Suka sa wa man suna Lipiodol. "Lipo" a Girkanci yana nufin kitse ko mai, sauran sunan kuma daga iyod ne.

In aka yi wa mutum allurar wannan mai cikin tsoka, man ba ya bin jini nan da nan, domin mai da ruwa ba sa haɗuwa. Sai ya taru wuri guda. Jiki yana cinsa sannu a hankali, kamar yadda yake cin kitsen da ya ajiye. Duk lokacin da ya ci kaɗan, sai iyod kaɗan ya kuɓuce ya shiga jini. Tulun da aka binne a gindin dashe ke nan.

Shekara ashirin ana amfani da Lipiodol wajen cututtukan da likitocin wancan zamani ke ba da iyod dominsu. Ba wanda ya san man yana da wani amfani na biyu, wanda zai fi na farko suna.

4. Hasken da ke ratsa nama

Ran 8 ga watan Nuwamba 1895, wani malamin jami'a na ƙasar Jamus, Wilhelm Röntgen, yana gwaji da lantarki cikin ɗaki mai duhu. Ya gano wani haske da ido ba ya gani, amma yana ratsa takarda da katako da naman mutum. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya kira shi hasken X, kamar yadda ake sa X a lissafi wurin abin da ba a sani ba. A watan Disamba na wannan shekara ya ɗauki hoton hannun matarsa. Ƙasusuwan yatsunta da zobenta suka fito sarai. A 1901, shekarar da aka haɗa Lipiodol, aka ba shi kyautar Nobel.

Wannan hoto shi ne mutane ke kira "radiyo" a asibiti. Ba shi da dangantaka da akwatin da ake jin labaru. Hoton inuwa ne. Ana tsai da mutum tsakanin na'urar da ke fid da hasken da wani faranti. Inda hasken ya wuce ya sami faranti, wurin yakan yi baƙi. Inda wani abu ya tare shi, wurin yakan fito fari.

Me ya sa ƙashi ke tare hasken, nama kuwa bai cika tarewa ba? Kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra, wasu marasa nauyi, wasu masu nauyi. Mafi yawan nama ruwa ne, ƙwayoyinsa ba su da nauyi. Ƙashi yana da kalsiyom, wanda ya fi nauyi. Masu nauyi su ne ke tare hasken X.

Saboda haka radiyo yana nuna karaya da kyau. Yana kuma nuna huhu, domin iskar da ke ciki tana bambanta shi da abin da ke kewaye da shi. Amma hanji da jijiyoyin jini da laka da mahaifa duk nauyinsu kusan ɗaya ne da naman da ke gefensu. A hoto sai su haɗe su zama toka-toka. Kamar neman farin zare ne cikin tarin auduga.

5. Abin da aka gano a 1921

A 1921 wasu likitoci biyu na birnin Pari, Jean Sicard da almajirinsa Jacques Forestier, suna yi wa masu ciwon baya allurar Lipiodol. Da suka duba su da hasken X, sai suka ga man ya fito fari fat, ya ma fi ƙashi fari. Dalili kuwa iyod ne. Ƙwayar iyod ta ninka ta kalsiyom nauyi kamar sau uku.

Suka yi tunani. Cikin ƙashin baya akwai wata doguwar kafa, kamar ramin gora. Laka tana cikinta, wani ruwa yana kewaye da ita. Wani lokaci ƙari yakan tsiro a nan ya danne laka, ƙafafun mutum su mutu. A da, likita mai fiɗa ba ya sanin daidai wurin da zai buɗe. Sicard da Forestier suka sa ɗan Lipiodol cikin wannan ruwa. Man ya fi ruwan nauyi, saboda iyod ɗin da ke cikinsa. In aka karkata gadon maras lafiya, sai man ya gangara. In hanya a buɗe take, ya wuce har ƙasa. In akwai ƙari, ya tsaya a kansa. Hoto ya nuna wurin, likita ya san inda zai yi aiki.

Daga nan aka shiga sa man cikin sauran hanyoyin jiki: hanyoyin iska na huhu, da mahaifa, da wasu ƙananan jijiyoyi. Duk kafar da aka cika da shi sai siffarta ta bayyana. A 1926 ɗan Marcel, André Guerbet, ya kafa kamfani don yin wannan mai. Kamfanin yana nan har yanzu da sunan Guerbet.

Man yana da aibinsa. Yakan daɗe cikin ƙashin baya, wani lokaci ya jawo kumburi. Ba a kuma zuba shi cikin jini yadda aka ga dama, domin ɗigon mai yana iya toshe ƙananan jijiyoyi. Shi ya sa masu bincike suka ci gaba da aiki, har suka samo magungunan hoto masu iyod waɗanda ke narkewa a ruwa, su fita cikin fitsari. Yau da su ake yawancin hotuna, har da na sikana. An daina sa mai cikin ƙashin baya.

Amma ana amfani da shi har yanzu wajen duba matan da suka daɗe ba su sami haihuwa ba, a ga ko hanyoyin mahaifa a buɗe suke. A 2017 likitocin ƙasar Holan suka ba da sakamakon wani bincike da suka yi da mata fiye da 1000. Cikin waɗanda aka duba da mai, kamar 40 cikin 100 sun sami ciki a wata shida. Cikin waɗanda aka duba da maganin ruwa, kamar 29 cikin 100 ne suka samu.

Akwai wasu hanyoyin duba cikin jiki da ba su aiki da hasken X. "Eko", wadda ake duba mata masu ciki da ita, da amo take aiki. Wata babbar na'ura kuma, IRM, da mayen ƙarfe take aiki. Hasken X kuwa in ya yi yawa yana cutarwa. Shi ya sa ma'aikatan ɗakin radiyo ke sa riga mai dalma, kuma mace mai ciki dole ta faɗa wa likita kafin a ɗauke ta hoto.

6. Mai da maƙoƙo

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata ƴar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi. Sunanta tiroyid. Tana tsinto iyod daga cikin jini, ta yi wani sinadari da shi. Wannan sinadari ne ke tafiyar da girman jiki da ɗuminsa da kaifin hankali.

Iyod ɗin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai. In aka raba giram guda kashi 1000, kowane kashi miligiram ne. In aka sake raba miligiram kashi 1000, kowane kashi mikrogiram ne. Babban mutum yana bukatar mikrogiram 150 a yini. Ɗan makaranta yana bukatar 120, mace mai ciki 250. Abin da mutum zai ci a shekara 70 bai kai giram 4 ba. Amma in wannan ɗan kaɗan ya rasu, tiroyid takan yi ta ƙoƙari, ta kumbura. Kumburin nan shi ne maƙoƙo. Ba maita ba ce, ba kuma a ɗaukarsa daga wani.

Maƙoƙo shi ne abin da ido ke gani. Ɓarnar da ba a gani ta fi shi girma. In mace mai ciki ta rasa iyod, ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta ba ta ginuwa daidai. Ana iya haifarsa kurma, ko ya tsumbure, ko ya kasa koyo. Ko rashin bai yi tsanani ba, yaro yakan yi nauyin fahimta a aji.

Mafi yawan iyod na duniya cikin teku yake. Ƙasashen tuddai da na nesa da teku sukan rasa shi cikin ƙasarsu, saboda haka hatsinsu da ruwansu ba su da isasshe. Nijar ba ta da teku. Cin rogo mai ɗaci wanda ba a jiƙa sosai ba yana ƙara wahalar, domin yana hana tiroyid kama iyod.

A ƙarshen shekarun 1950 wani likita mai suna McCullagh yana aiki cikin duwatsun tsibirin Sabuwar Gine, arewa da Ostareliya. Maƙoƙo ya yi yawa a can. Ƙauyukan ba su da hanyar mota, ba kanti, ba asibiti. Ba shi yiwuwa a ba mutane magani kowace safiya. Sai ya gwada allurar mai mai iyod, sau ɗaya tak. Maƙoƙo ya ragu. A 1971 wasu likitoci uku, Pharoah da Buttfield da Hetzel, suka nuna cewa in aka yi wa mace wannan allura kafin ta ɗauki ciki, ɗanta yana tsira daga wannan nakasa.

Ga lissafin. Mililita guda na Lipiodol na yanzu yana ɗauke da miligiram 480 na iyod, watau mikrogiram dubu 480. In aka raba da 150, za a sami kwana 3200, kusan shekara tara. Amma jiki yana zubar da wani kashi, musamman a watannin farko. Don haka allura guda takan tsare mutum kamar shekara uku zuwa huɗu. In haɗiye man aka yi cikin ƴar ƙwaya, yakan yi kamar shekara guda. An yi wa miliyoyin mutane wannan aiki a Asiya da Afirka da Amurka ta Kudu.

Ba man pabo kaɗai ke karɓar iyod ba. A ƙasar Indunusiya masu haɗa magani sun yi irinsa da man gyaɗa. Wani bincike da aka yi da ƴan makarantar wannan ƙasa, aka ba da sakamakonsa a 2006, ya nuna na gyaɗa ya fi na pabo daɗewa cikin jiki. Wannan labari ne da ya shafi Matamaye, garin da aka taɓa kafa masana'antar man gyaɗa a zamanin da gyaɗa ke kan gaba cikin kayan da Nijar ke sayarwa waje. Man da mata ke matsewa wajen yin ƙuli-ƙuli yana da irin guraben da Guerbet ya yi aiki da su.

Yau hanya mafi sauƙi ita ce gishiri mai iyod, domin kowane gida yana sa gishiri a miya. Ƙasar Suwis ta fara a 1922. Nijar ta kafa dokar gishiri mai iyod cikin shekarun 1990. Ana ajiye man ne don wuraren da wannan gishiri bai kai ba. Gishirin gargajiya, kamar kantu na Bilma, ba a sa masa iyod. Shi kuma mai iyod yana son kulawa. Rana da zafi da laima suna rage ƙarfinsa, don haka a rufe shi cikin mazubi, a ajiye nesa da murhu.

7. Mai da ciwon hanta

Amfani na uku ya zo daga ƙasar Japan, a farkon shekarun 1980. Likitoci suka lura da wani abu game da sankarar hanta, wadda ake kira ciwon daji.

Hanta tana samun jini ta hanya biyu. Babbar hanya tana zuwa daga hanji, ita ce ke kawo kamar kashi uku cikin huɗu na jinin. Ƙaramar hanya tana zuwa daga wajen zuciya. Lafiyayyar hanta ta fi dogara da babbar hanya. Ƙarin sankara kuwa kusan duk jininsa daga ƙaramar yake sha. An kuma ga cewa in aka sa Lipiodol cikin ƙaramar hanya, lafiyayyar hanta takan kawar da shi, amma ƙarin yakan riƙe shi makonni ko watanni.

Maganin sankara dafi ne mai ƙarfi. In ya bi jini ya zaga jiki duka, yakan sa amai da zubar gashi da rauni. Sai likitoci suka dama shi da Lipiodol. Suna shigar da wani siririn bututu ta jijiyar cinya, suna kallon tafiyarsa da hasken X har ya kai hanta. Sa'an nan su saki haɗin a bakin ƙarin, su toshe jijiyar da ke ciyar da shi. Man ya kai maganin wurin da ake so, ya riƙe shi a can, ya kuma fito fari a hoto, likita ya tabbata saƙo ya isa. Amfanin farko da na biyu sun haɗu ke nan cikin aiki guda.

Wannan aiki yana rage ƙari, yana ƙara wa maras lafiya kwanaki, amma ba kasafai yake warkarwa ɗungum ba. Yana da tsada, sai kuma manyan asibitoci masu kayan aiki na musamman. Don haka rigakafi ya fi.

Sankarar hanta tana da yawa a Afirka ta Yamma, kuma an san manyan dalilanta biyu. Na farko ƙwayar cutar hanta ce da ake kira hepatit B. Akwai allurar rigakafinta cikin alluran da ake yi wa jarirai. Na biyu wani dafi ne da funfuna ke yi a kan gyaɗa da masara in an ajiye su da laima. Sunansa aflatoksin. An gano shi bayan 1960, shekarar da talotalo wajen dubu 100 suka mutu a Ingila don sun ci tunkuzar gyaɗa mai funfuna. Dafawa da suya ba su kashe wannan dafi. Maganinsa shi ne a shanya gyaɗa ta bushe ƙarau, a ajiye buhuna bisa katako ba a ƙasa ba, a tsince wadda ta yi baƙi ko ta ruɓe a zubar. Kada a ba yara ita, kada a ba dabbobi.

8. Masu wannan aiki a Nijar

A 1962 gwamnatin Nijar ta kafa ma'aikatar magunguna ta ƙasa, ONPPC, don sayo magani da rarraba shi cikin jihohi. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana horar da likitoci da masu haɗa magani. A Damagaram akwai makarantar ma'aikatan lafiya, akwai kuma babban asibitin ƙasa mai ɗakin hoto, inda ake tura marasa lafiya daga Matamaye in ciwo ya fi ƙarfin asibitin gari.

Maganin da ake tallarsa a faranti ko a bayan keke cikin kasuwa yana kwana cikin rana da ƙura. Mai sayarwa bai san amsar tambayoyin nan uku ba: nawa, ta ina, har yaushe. Iyod ɗin da ya warkar da wasu a Janeba shi ne ya kwantar da wasu, bambancin kawai awo ne. Yaron da ke son ya zama mai haɗa magani sai ya riƙe lissafi da kimiyya da kyau tun daga firamare, ya kuma saba da kallon abu har ya gane dalilinsa.

Kalmomi

Mai haɗa magani: pharmacien
Iyod: iode
Maƙoƙo: goitre
Laka: moelle épinière
Hasken X: rayons X
Maganin hoto: produit de contraste
Sankara: cancer
Funfuna: moisissure

Tambayoyi

1. Waɗanne tambayoyi uku ne mai haɗa magani ke yi wa kansa?
2. Me ya sa iyod ke da wuyar sha'ani in shi kaɗai ne?
3. Ina kamar Lipiodol da tulun da aka binne a garka?
4. Don me ƙashi ke fitowa fari a radiyo, hanji kuwa ba ya fitowa?
5. Me Sicard da Forestier suka gano a 1921?
6. Wace ɓarna rashin iyod ke yi wa jariri tun yana ciki?
7. A faɗi abu biyu da ke tsare mutum daga sankarar hanta.

Lissafi

1. Shekara nawa ne tsakanin gano iyod da haɗa Lipiodol?
2. Ɗan makaranta yana bukatar mikrogiram 120 a yini. Nawa yake bukata a kwana 30? Nawa a shekara?
3. A wani gida akwai manya biyu, da mace mai ciki guda, da ƴan makaranta uku. Mikrogiram nawa gidan ke bukata a yini?

Gwaji tare da malam

1. A sami kwalabe biyu masu haske, a cika su da ruwa. A zuba jar ƙasa cikin guda, a girgiza. A tsai da su cikin rana kusa da farin bango. Wace inuwa ce ta fi duhu? Me wannan ke nunawa game da maganin hoto?
2. A sami ƙwayar sukari biyu. A shafe guda da man kaɗanya ta ko'ina, a bar ɗayar haka nan. A jefa kowace cikin kofin ruwa. A ƙidaya lokacin da kowace ta yi kafin ta narke.
3. Malam ya ɗiga maganin rauni mai iyod a kan dafaffen rogo ko ɗan koko. A rubuta launin da ya fito. Ba a ɗanɗana abin da aka yi gwaji da shi.

Aikin gida

Kowane ɗan aji ya duba gishirin gidansu. Daga ina aka sayo shi? An rubuta "sel iodé" a jikin leda ko buhun? A cikin me ake ajiye shi? A kawo amsa gobe, a rubuta ta ajin duka a kan allo.